Tsara Shafin Intanet Domin Masu Larurar Gani: Bayani Kan Sifar Harshe da Sifar Take

Mun tanadi wannan bayani ne domin jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu da hukumomi, da kuma ma'aikatan sashen kwamfuta waɗanda aka ɗora wa nauyin sanya sanarwar gwamnati a yanar gizo. Haka kuma zai amfani duk wanda ke da shafi nasa na kansa. Abin da za mu tattauna a kai ƙanƙane ne a ido, domin bai wuce wasu 'yan haruffa da ake rubutawa a bayan shafi ba, inda mai karatu ba ya ganinsu. Amma ga wanda ba ya gani, waɗannan 'yan haruffa su ne ke raba tsakanin sanarwar da ya ji ya fahimta da wadda ta shiga kunnensa kamar gwaranci. Idan kuwa sanarwar ta shafi ranar rufe karɓar takardun tallafin karatu ce, ko wurin da za a yi allurar rigakafi, to rashin fahimtarta asara ce da ba lallai a iya mayar masa da ita ba.

Mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, ban da masu raunin gani da kuma matasa. A shekarar 2010 Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda sashenta na 9 da na 21 suka ambaci intanet da suna a cikin abubuwan da ya wajaba a sauƙaƙa musu. A watan Janairun 2019 kuma aka rattaba hannu kan dokar ƙasa da ta haramta nuna musu bambanci.

Yadda makaho ke karanta shafi

Makaho da kunne yake karanta kwamfuta, wani lokaci kuma da yatsu. Yana amfani da manhajar karanta allo, wadda ke bin abin da ke shafi tana furta masa da murya, ko ta aika shi zuwa wata na'ura mai fito da ɗige-ɗigen rubutun makafi a ƙarƙashin yatsunsa. Daga cikin sanannun manhajojin akwai JAWS, wadda ta fito a kan Windows a 1995, da NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostiraliya mai suna Michael Curran ya soma a 2006, ana kuma samunta kyauta. Kamfanin Apple ya sanya VoiceOver a kwamfutocinsa a 2005, sannan a wayar iPhone a 2009, su kuwa wayoyin Android suna da TalkBack.

Abin lura shi ne, manhajar ba ta kallon shafi yadda mai ido ke kallonsa. Ba ruwanta da launi ko ado. Rubutun HTML da aka gina shafin da shi take bi, ta ɗebo kalmomi ta miƙa wa muryar na'ura. Kowace muryar na'ura kuwa an gina ta ne bisa ƙa'idojin furucin harshe guda. Muryar Turanci ta san yadda Bature ke furta haruffa, ba ta san komai ba game da Hausa. Ita kanta manhajar ba ta jin harshe, sai dai a gaya mata.

Mu ɗauki wannan jimla: "Game da taron, za a same mu da dare." Idan muryar Turanci ta karanta ta, kalmomi uku za ta ɗauka na gidansu ne, domin da waɗannan haruffa ake rubuta wasu kalmomin Turanci. Za ta ce "gem" a maimakon game, "sem" a maimakon same, dare kuma ya koma "deya". Haka za ta yi wa take da mace da fate. Harafin c da muke furtawa a ciki da cuta, ita takan mayar da shi s ko k. Mai sauraro zai ji sautin da ba Hausa ba, ba kuma Turanci ba.

Sifar harshe

Maganin wannan matsala shi ne sifar da ake kira lang, wadda ta shiga ƙa'idar HTML ta 4 a 1997. Ana sanya ta a kan alamar html, wato alamar farko da ta ƙunshi shafin gaba ɗaya, a rubuta lang="ha" idan shafin na Hausa ne. Haruffan biyu sun fito ne daga jerin lambobin harsuna na duniya mai suna ISO 639: ha na Hausa, en na Turanci, ar na Larabci, fr na Faransanci, ff na Fulatanci, kr na Barebari, yo na Yarabanci, ig na Ibo. Idan akwai bukata ana iya ƙara ƙasa a baya, a ce ha-NG ko ha-NE ko ha-GH, amma a mafi yawan lokaci ha kaɗai ya wadatar, shi ne ma ya fi.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata mu ja hankali a kai. Wasu sukan rubuta lang="ng" da zaton suna nufin Nijeriya. Sifar ba ƙasa take nema ba, harshe take nema, kuma ng lambar harshen Ndonga ce na ƙasar Namibiya. Haka nan ne, wanda ɗan Nijar zai iya rubutawa da kyakkyawar niyya, lambar harshen Nepal ce. Ita ma hau, ko da yake lambar Hausa ce a wani jerin mai haruffa uku, ba a amfani da ita a shafi, domin ƙa'ida ta ce idan harshe yana da lamba mai haruffa biyu, ita za a ɗauka.

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, waɗanda aka fi sani da WCAG. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a 2023. Sharaɗi mai lamba 3.1.1 a cikinsu ya ce dole na'ura ta iya gane harshen shafi, kuma yana mataki na A, wato mafi ƙarancin abin da ake nema. Duk da sauƙinsa ana yawan barinsa. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka takan binciki shafukan farko na manyan wurare miliyan ɗaya a yanar gizo kowace shekara. A 2019 ta samu kusan kashi ɗaya bisa uku ba su bayyana harshensu ba, a 2024 kuma adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 17 cikin 100.

A ganinmu, matsalar shafukan Hausa ta fi wannan muni. Yawancinsu ba rasa sifar suka yi ba, sifar ƙarya suke ɗauke da ita. Ana gina su ne a kan tsararren ƙiri da aka sauko da shi daga intanet, wanda ya zo da lang="en" ko lang="en-US" tun daga inda aka ƙera shi, sai a zuba Hausa a ciki ba tare da an taɓa wurin ba. Shafi na magana da Hausa, amma yana rantse wa na'ura cewa Turancin Amurka yake yi. A tsari irin na WordPress, harshen da aka zaɓa a saitin shafi shi ne ke fita a wannan sifa, don haka idan shafi na harsuna biyu ne, sai an tabbatar kowane ɓangare yana fitar da tasa lambar.

Wani zai ce, ai ba kowace manhaja ce ke da muryar Hausa ba, to mene ne amfanin rubuta ha? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta na nan. Manhajojin karanta allo suna da tsarin sauya murya da kansu gwargwadon abin da shafi ya faɗa. Mai sauraro yana iya zaɓar wa kansa muryar wani harshe da furucinsa ya fi kusa da namu. Muryar harshen Indunusiya, alal misali, tana furta c yadda muke furtawa, wasulanta kuma sun yi kama da namu, haka ma muryar Suwahili a wajen wasula. Idan shafi ya ce ha kuma babu muryar Hausa, yawanci manhajar takan zauna a kan muryar da mutum ya zaɓa. Idan kuwa ya ce en, sai ta ƙwace masa zaɓinsa ta mayar da shi ga muryar Turanci. Bugu da ƙari, shafin gwamnati yakan daɗe shekaru a yanar gizo, duk ranar da mai karatu ya samu muryar Hausa a na'urarsa, shafin da ya faɗi gaskiya zai karantu daidai ba tare da an sake taɓa shi ba. Su ma burauza da manhajojin fassara da na duba kuskuren rubutu suna amfana da wannan sifa.

Idan harsuna sun cakuɗu

Rubutun gwamnati da Hausa ba safai yake zama Hausa zalla ba. Akan kawo sunan doka da Turanci, ko a ɗauko jimla daga jawabi yadda aka faɗe ta, ko a buɗe da addu'a da Larabci. Sharaɗi na 3.1.2, wanda ke mataki na AA, ya bukaci a nuna harshen kowane yanki da ya bambanta da na shafin. Ana yin haka ne ta hanyar kewaye yankin da alamar span, ko a yi amfani da alamar sakin layin kansa, a sanya mata lang="en" ko lang="ar". Manhajar za ta sauya murya a daidai wurin, idan ta gama ta komo. Ga mai karatu da yatsu ma abin yana da tasiri, domin rubutun makafi na Turanci yana da gajerce-gajercen da ba sa aiki a wani harshe.

Rubutun Larabci yana bukatar ƙarin sifa ɗaya, wato dir="rtl", mai nuna cewa daga dama ake farawa. Hausar ajami kuwa ba Larabci ba ce, kuma kuskure ne a sanya mata ar don kawai haruffan sun yi kama. Lambarta ita ce ha-Arab, ma'ana Hausa da haruffan Larabci.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Ƙa'idar da kanta ta ware sunayen mutane da wurare, da kalmomin fasaha, da kalmomin aro da suka riga suka zama 'yan gida. Gwamna, asibiti, kwamishina, makaranta, alƙali, duk Hausa ne yanzu, babu mai tambayarsu asali. Idan aka bi kowace kalma ana sauya mata murya, karatun zai riƙa tsinkewa har ya gundiri mai sauraro. Jimla cikakkiya ko sunan doka mai tsawo su ne suka cancanci alama.

Wani wurin da ake mantawa shi ne maɓallin sauya harshe da ke saman shafi. Kalmar English a shafin Hausa a sanya mata lang="en", kalmar Hausa a shafin Turanci kuma lang="ha". A rubuta sunan harshen da kalmomi, kada a wakilta shi da hoton tuta. Tutar Nijeriya ba ta gaya wa kowa harshen da zai tarar ba, ko da mai ido ne.

Kafin mu bar batun harshe, sai mun taɓo haruffa masu lanƙwasa. Kafa daban take da ƙafa, bari daban da ɓari, baki daban da baƙi. A shekarun baya, kafin tsarin Unicode ya yaɗu, akan yi amfani da wasu nau'o'in rubutu na musamman da ke ɗora siffar ƙ ko ɗ ko ɓ a kan alamomin baka da makamantansu. Mai irin wannan rubutu a kwamfutarsa yana ganin ƙasa, amma abin da ke ƙunshe a shafin alamar baka ce da "asa" a bayanta, shi kuma manhajar za ta karanta. Har yanzu akan kwafo tsofaffin takardu irin waɗannan a liƙa a shafi. Ya kamata a sake buga su da haruffan Unicode na ainihi, a kuma adana shafin da tsarin UTF-8.

Take iri biyu ne

Kalmar title tana nufin abu biyu a HTML, kuma rikita su ya jawo ɓarna mai yawa. Na farko shi ne taken shafi, wanda ake rubutawa sau ɗaya a kan shafi, yake kuma fitowa a saman burauza. Wannan wajibi ne bisa sharaɗi na 2.4.2, kuma shi ne abu na farko da makaho ke ji idan shafi ya buɗe. Da shi yake bambance shafuka idan ya buɗe da yawa a lokaci guda. Tsofaffin manhajojin gina shafi sukan sanya take na wucin gadi, Dreamweaver ta rubuta Untitled Document, FrontPage kuma New Page 1, aka yi ta sakin shafuka a haka. Take nagari yakan fara da abin da shafin ya ƙunsa, sunan ma'aikata ya biyo baya, kamar "Sanarwar tallafin karatu, Ma'aikatar Ilimi". Idan sunan ma'aikata ne a gaba a kowane shafi, sai mutum ya saurare shi sau ashirin kafin ya ji bambanci.

Na biyu shi ne sifar title, wadda ake iya liƙa wa kusan kowace alama. Ita ce ke fito da ɗan ƙaramin akwatin rubutu idan aka ɗora linzamin kwamfuta a kan abu aka ɗan jira. Masu gina shafi da dama sun ɗauka cewa makafi aka yi wa ita, suna cika ta da bayani da zaton suna kyautatawa. Gaskiyar magana ita ce, wannan sifa ba abin dogaro ba ce, kuma ƙa'idar HTML ta yau da kanta ta gargaɗi masu gina shafi kada su dogara da ita. Wanda ke amfani da madannai kaɗai ba ya ganin akwatin a mafi yawan burauza. Mai wayar da ake shafawa da yatsa ba shi da linzamin da zai ɗora, kuma da waya mafi yawan jama'armu ke shiga intanet. Manhajojin karanta allo kuwa kowace da halinta: wata ta karanta, wata ta yi shiru, wata sai an shiga saitinta an ba ta izini.

Saboda haka duk bayanin da mai karatu ba zai iya yi ba sai da shi, a rubuta shi a fili. Idan mahaɗi ya ce "Latsa nan" aka ɓoye "fom ɗin neman tallafi, za a rufe ranar Juma'a" a cikin title, to an ɓoye ranar rufewa ga makaho da mai waya baki ɗaya. Makafi sukan sa manhaja ta jero musu dukkan mahaɗan shafi su saurara, sai su ji "latsa nan, latsa nan, latsa nan" babu wanda ya faɗi inda ya nufa. Mahaɗin da kansa ya kamata ya ce "Fom ɗin neman tallafin karatu", ranar rufewa kuma ta zo a rubuce kusa da shi. Akasin wannan shi ne a maimaita rubutun mahaɗi a cikin title kalma da kalma, wanda ba ya ƙara komai, a wasu manhajojin ma sai dai ya sa a ji abu ɗaya sau biyu.

Hoto ba title yake bukata ba, alt yake bukata, wato rubutun da ke tsayawa a madadinsa. Rikicin ya samo asali ne daga tsohuwar burauzar Internet Explorer, wadda kafin fitowar ta 8 a 2009 take nuna alt a cikin ɗan akwati kamar title, har mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. Haka gurbin cike fom, alamar label ce ke ba shi suna wanda kowa zai gani ya kuma ji. Gajerun sunaye irin su INEC da NECO ana iya kewaye su da alamar abbr a sanya cikakken sunan a title, babu laifi, amma yawancin manhajoji ba sa karanta shi sai an canja saiti, don haka ya fi kyau a rubuta cikakken sunan a fili a karon farko. Wuri guda da sifar ke da aiki sosai shi ne alamar iframe, wadda ake shigo da taswira ko bidiyo da ita daga wani wuri. A nan title ne ke gaya wa makaho abin da ke cikin tagar kafin ya yanke shawarar shiga ko wucewa.

Akwai kuma inda sifofin biyu ke haɗuwa. Harshen da aka sanya wa alama ya shafi rubutun da ke cikinta da kuma wanda ke cikin title ko alt nata. Idan mahaɗi ya ce English, an sanya masa lang="en", sannan aka rubuta title da Hausa, to an shaida wa na'ura cewa Hausar nan Turanci ce. Gyaran shi ne a bar mahaɗin a kan Hausa, a kewaye kalmar English kaɗai da span mai lang="en". Taken shafi da bayanin hotuna su ma a rubuta su da Hausa idan shafin na Hausa ne, kada a fassara jikin shafi a bar su da Turanci kamar yadda aka saba gani.

Duk wannan bayani bai shafi sanarwar da aka ɗauki hotonta aka liƙa ba. Takardar da aka buga, aka sa hannu da hatimi, aka ɗauka a hoto, babu kalma ko ɗaya a cikinta da manhaja za ta ɗebo da tabbaci. Idan ana son nuna hatimin, a sanya hoton, amma a buga rubutun a ƙarƙashinsa.

Yadda za a gwada

Gwajin farko ba ya ɗaukar minti ɗaya. A buɗe shafi a kwamfuta, a danna Ctrl da U tare domin ganin rubutun da ke bayansa, a duba layukan farko a ga abin da ke gaban lang. Akwai manhajojin bincike na kyauta, kamar WAVE ta WebAIM da mai duba HTML na W3C, waɗanda za su nuna idan sifar ba ta nan. Amma kada a sakankance da su, domin shafin Hausa mai ɗauke da en yana iya wuce binciken ba tare da an ce masa uffan ba, tunda sifar tana nan kuma lambar halastacciya ce.

Gwaji na haƙiƙa shi ne a saurara. A sauko da NVDA, a ajiye linzami gefe, a kashe allon kwamfuta ko a juya shi. Danna Insert da T zai faɗi taken shafi, Insert da F7 zai jero mahaɗai, maɓallin Tab kuma zai bi su ɗaya bayan ɗaya. A waya, a kunna TalkBack ko VoiceOver daga saitin sauƙaƙawa. Jami'i ya gwada nemo ranar rufe wata sanarwa da kunnensa kaɗai, ya ga ko zai same ta da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka. Muna kuma ba ma'aikatu shawara su gayyato masu larurar gani da suka saba da waɗannan manhajoji, daga ƙungiyoyinsu ko makarantunsu, su gwada shafin kafin a sake shi, a kuma biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre.